Yadda za ka ziyarci Wageningen, garin jami'ar noma a bakin kogin Rhine

Wageningen ƙaramin gari ne a lardin Gelderland na ƙasar Holan, mutanensa wajen dubu 40, a gaɓar arewa ta reshen kogin Rhine da ake kira Nederrijn. Makarantar noma ta gwamnati ta soma a nan a 1876, aka ɗaga darajarta a 1918, ita ce jami'ar da ta yi suna a yau. Abin da ke rikita baƙo shi ne garin a rarrabe yake: tashar jirgin ƙasa daban, harabar jami'a daban, tsohon gari da kogi daban.

Sunan tashar Ede-Wageningen, amma a garin Ede take, kilomita bakwai zuwa takwas arewa da inda za ka. Daga filin jirgin sama na Schiphol tafiyar kamar awa ɗaya ce. Kana sauka sai ka hau bas, wadda ke fara ratsa harabar jami'a kafin ta kai tsakiyar gari. In masaukinka na cikin gari, kada ganin manyan gine-gine ya sa ka yi saurin sauka. Ana taɓa katin banki a na'ura lokacin shiga da lokacin fita, na jirgi daban, na bas daban. Wanda ya manta taɓawar fita, kuɗin da za a cire masa ya fi na tafiyarsa. Ka kuma riƙe kati ko da kana da yuro a aljihu, don wasu wuraren ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Lokacin zuwa shi ne rabin shirin. A Afrilu gonakin tufa da sauran itatuwa na yankin Betuwe, a tsallaken kogi, suna cikin fure. Ƙarshen Agusta da farkon Satumba sababbin ɗalibai ke kwararowa, ga otal kaɗan, ɗaki sai wanda ya kama da wuri. Ranar 5 ga Mayu kuwa ba masaka tsinke: a Hotel de Wereld ne, a wannan rana ta 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Foulkes na Kanada ya zauna da Janar Blaskowitz na Jamus kan miƙa wuyan sojojin Jamus da ke Holan, kuma duk shekara ana bikin 'yanci. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, don haka yawon bakin kogi sai da hantsi.

Ka yi hayar keke. Hanyar keke yawanci jar kwalta ce, kuma mai tafiya a ƙasa ba ya tsayawa a kanta ko da hoto zai ɗauka. Da dare doka ta wajabta farar fitila a gaba, ja a baya, ana cin tara a kan haka. Kulle biyu ake yi: na tayar baya, da sarƙar da za ta haɗa jikin keken da turken ƙarfe.

Kogin ba a ƙofar gari yake ba. Tsakaninsu akwai katangar ƙasa mai tare ambaliya, bayanta kuma fadama mai faɗi da aka bar wa ruwa da gangan, inda shanu ke kiwo da bazara. Da hunturu ruwa kan hau ya shanye hanyoyin fadamar, a lokacin sai ka tsaya kan katangar. Ita ce Grebbedijk, tana miƙewa yamma kamar kilomita biyar zuwa tudun Grebbeberg, inda aka gwabza yaƙi a Mayun 1940, akwai maƙabartar sojoji a can. Dab da shi akwai gandun Blauwe Kamer mai sakakkun dawaki da shanu. A kalle su daga nesa, ba a ba su abinci. Kada ka shiga kogin da sunan iyo. Samansa a kwance yake, amma ruwan na murɗawa a bakin jerin duwatsun da aka gina cikin kogi, kuma jirgin kaya in ya wuce yakan ja ruwa da ƙarfi.

Ta gabas akwai tudun Wageningse Berg da lambun itatuwa na Belmonte, shiga kyauta, daga nan ake hango kogin da gonakin Betuwe gaba ɗaya. A gindin tudun jirgin fito na Lexkesveer yake, yana tsallakar da mutane da kekuna da motoci zuwa ɓangaren Randwijk cikin 'yan mintuna. In ruwa ya cika sosai yakan dakata, sai ka bincika kafin ka gangara.

A harabar jami'a, wurin da ya cancanci awa guda shi ne gidan adana samfuran ƙasar noma na ISRIC, cibiyar tattara bayanan ƙasar noma ta duniya: dogayen yanka na ƙasa daga sassan duniya, an kafe su a tsaye, kana ganin yadda launi ke sauyawa daga baƙar ƙasar sama zuwa ta can ƙasa. Ba kullum yake buɗe ba, a duba ranakunsa tukuna. Kasuwa kuma tana ci Laraba da Asabar a dandalin da ke kewaye da babban cocin gari, ta Laraba da safe ce, wanda ya makara sai ya tarar ana kwashe rumfuna.