Koyon Ingilishi a Gindin Murhu

Yaro a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yana iya haddace sunayen abinci hamsin da Ingilishi, amma a ce ya faɗi yadda ake dama kunu sai ya yi tsuru-tsuru. Suna kaɗai aka ba shi, ba a ba shi aiki ba. Don haka ku fara da kalmomin aikatau, ku ɗauki girki guda, kada ku wuce kalma 6 a rana.

Kunun gyaɗa ya isa darasin farko. Jiƙa shinkafa soak ne, niƙa grind, tacewa strain, tafasa boil, juyawa da ludayi stir. Ku furta kowace kalma da ƙarfi daidai lokacin da hannu ke yin aikin, cikin umarni gajere: soak the rice, strain the milk (wato madarar gyaɗar). Washegari ku maimaita na jiya kafin ku ƙara sabo.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wurin gyaɗar. Mu muna cewa "soya gyaɗa" ko da mai ko babu. A Ingilishi fry sai da mai, kamar ƙosai. Gyaɗar da aka soya cikin yashi ko busasshen kasko roast aka yi mata. Naman da ke kan waya bisa garwashi kuwa grill. Kuma tsiren da ake sayarwa bakin titi a Kamaru, wanda ake kira soya, in kun faɗi kalmar ga Bature, waken suya zai ɗauka kuke nufi.

Faransancin makaranta yana taimako, yana kuma yaudara. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, sunayen nama da yawa suka shiga Ingilishi daga Faransanci. Shi ya sa saniya cow ce tana raye, namanta beef, tunkiya sheep, namanta mutton. Wanda ya san bœuf da mouton ya riga ya yi rabin aiki. Amma pain burodi ne a Faransanci, a Ingilishi ciwo. Burodi bread ne. Raisin inabi ne a Faransanci, a Ingilishi busasshen inabi ne kawai, ɗanye grape.

Sai lafazi. Harshenmu yana haɗa p da f, sai pan, kwanon suya, ya koma fan, fanka. Ku riƙe takarda gaban baki: a p leɓɓa suna haɗuwa su fashe, takardar ta motsa, a f haƙoran sama ne ke kan leɓen ƙasa. Ku gwada da peel da feel. Harafin h kuma kada ku haɗiye shi irin na Faransanci, don heat the oil ɗumama mai ne, eat ci ne.

Rice, salt, oil da flour ba sa ɗaukar s na jam'i, ma'auni ake sa musu: two cups of rice, a pinch of salt. A rubutaccen girki ku lura sosai: tsp ƙaramin cokali ne, mililita 5, tbsp babba ne, mililita 15. Wanda ya rikita su wurin gishiri ya ninka shi sau uku, miyar kuɓewa ta tashi aiki.

Bayan mako guda ku bar kunu, ku koma tuwon dawa: daka pound, tankaɗe sift, rufewa cover.