Yadda za ka zaɓi bafful mai tsada in kunnenka ya yi rauni

Ɗan'uwa kafin ka zuba jikkunanka a kan bafful, fara zuwa wurin likitan kunne a yi maka gwajin ji. Yawancin raunin ji da siraran sautuka yake farawa, wajen 4000 Hz (ma'aunin sirantakar sauti) zuwa sama, shi ya sa kana jin ganga tana dukan ƙirji amma "s" da "f" na mai magana sun ɓace. Ni ma kunnena na hagu haka yake, kuma abin yana damuna wallahi.

To in ka shiga shago a nan Yamai kar ka yarda mai kaya ya ƙure maka bas (sauti mai kauri), tafi da waƙar da ka haddace da labaran rediyo a wayarka, ka zauna kamar taku uku daga bafful ɗin, a rage murya ka ji ko kalmomi suna fita tsaf, in kana sa na'urar ji to da ita a kunne za ka gwada. Nemi ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai ikwalaiza (mai daidaita siraran sautuka da masu kauri) da balans (mai raba sauti hagu da dama), don ka ƙara wa kunnen da ya fi rauni.

A gida shimfiɗa darduma, tayil yana kawo amsa-kuwwa. Kuma ƙarar da ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awanni tana cinye sauran jin da ya rage. Kar ka manta regilatar saboda kuran.