Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kare Namun Daji a Dazukan da Suka Rarrabu

Idan titi ya ratsa daji, gonaki suka cinye gefensa, abin da ke saura shi ne gutsattsarin kurmi nan da can, kowanne da dabbobinsa a kulle. Masu aikin kare su ba su rasa niyya ba, sai dai akwai kurakuran da ake ta maimaitawa, kuma yawancinsu tushensu ɗaya: ana duba abin da ke cikin kowane yanki, ba a tambayar ko akwai mai fita ko mai shigowa.

Babba a ciki shi ne dogaro da ƙidaya. A ƙirga dabba 52, a rubuta rahoto, hankali ya kwanta. To amma idan maza 2 ne kaɗai ke barbarar mata 50, a lissafin masana ƙwayoyin gado wannan garken bai kai dabba 8 ba, domin duk 'ya'yan da za a haifa daga uba biyu suka fito. Maganinsa shi ne a riƙa tattara kashi da gashin da dabbobin suka bari a gwada a gano wa ya haifi wa. Tun 1980 masana suka ba da ma'auni cewa masu haihuwa kada su gaza 50 a gajeren zango, 500 kuma a dogon zango. A 2014 wasu suka ce ya kamata a ninka zuwa 100 da 1,000. Gutsattsarin daji ƙalilan ne ke iya riƙe adadin nan su kaɗai.

Daga nan sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, wato ƙyamar shigo da baƙon jini da sunan kare asali. Damisar Filorida a Amurka ta kusa tafiya a kan wannan. A farkon shekarun 1990 ba su wuce 20 zuwa 30 ba, kuma barbara tsakanin dangi ta fara nunawa a jiki ƙarara: jela a karye daga ƙarshe, huji a zuciya, maza da dama marainansu ba su sauko ba. An yi ta gardama kafin a 1995 aka kawo mata 8 daga Texas aka sake su. Biyar suka haihu, 'ya'yan suka fi ƙarfi da tsawon rai, yanzu ana ƙiyasta manyansu tsakanin 120 da 230. A tsibirin Isle Royale da ke Amurka kuwa an yi ta jira har kyarketai suka koma 2 a 2016, uba da 'yarsa, waɗanda kuma uwarsu ɗaya. Babu sauran abin ceto, sai da aka kawo sababbi 19 tsakanin 2018 da 2019. Tsoron gaurayawa yana da gurbi idan dabbobin sun daɗe ƙwarai da rabuwa ko muhallinsu ya sha bamban. Idan titi da gona ne suka raba su shekarun baya kaɗan, jinkirin ne abin tsoro. Sai dai a tuna baƙon jini ba ya ƙara faɗin ƙasa: har yau mota ce kan gaba wajen kashe damisar Filorida.

Akwai kuma masu tara hekta kamar duk ɗaya ne, su ce guntaye goma masu hekta 10 daidai suke da dunƙule mai hekta 100. Gwajin da masanin halittu Thomas Lovejoy ya fara a 1979 kusa da Manaus a Burazil, inda aka ware guntayen kurmi masu hekta 1, 10 da 100, ya ƙaryata haka. Iska da zafin rana suna kutsawa daga baki, ƙasa ta bushe, manyan itatuwa su yi ta faɗuwa, musamman a mita 100 na farko. Ɗauki fili mai kusurwa huɗu na hekta 10, ka cire mita 100 ta kowane gefe, abin da zai rage maka a tsakiya bai kai hekta ɗaya da rabi ba. Don haka a fifita yanki dunƙulalle a kan siriri, a bar sabon tsiro ya kewaye bakinsa ya zama garkuwa.

Ganin dabba a gutsuren daji shekara biyu bayan sara ma ba hujja ba ce. Masu tsawon rai sukan daɗe suna yawo alhali haihuwa ta tsaya. A nemi ƙanana, ba tsofaffi ba.

Sai batun burtalin namun daji, wanda kowa ke so ya zana a taswira. Zana layi kore tsakanin dazuka biyu abu ne mai sauƙi, amma dabba ba ta karanta taswira. A fara sa wa wasu na'urar bibiya a wuya, a kafa kyamarori, a duba inda mota ta fi buge su, sannan a yanke shawarar wurin. Gandun Banff a Kanada ya koyar da abubuwa da dama a kan babban titin da ya ratsa shi, inda aka yi gadoji 6 ta sama da hanyoyi 38 ta ƙarƙashi. Mashigin ba ya aiki shi kaɗai: shingen da aka ja a gefen titi ne ke kora dabbobi zuwa gare shi, kuma da su biyun haɗarin mota da dabba ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Kowace dabba kuma da zaɓinta. Babban beyar da manyan barewa sun fi son gada mai faɗi a sarari, baƙin beyar da damisar dutse sun fi son rami matsattse. Beyar da kyarkeci kan ɗauki har shekara 5 kafin su saba, saboda haka wanda ya yanke hukunci a shekarar farko cewa kuɗi sun tafi a banza ya yi gaggawa.

Hanyar da dabba ke bi, cuta ma tana bi. Duk wadda za a ɗauko daga wani daji a killace ta, likitan dabbobi ya duba ta kafin a sake ta.

Hoton beyar a kan gada yana da daɗin sakawa a rahoto, amma bai nuna an haihu ba. A Banff sai da aka ja waya mai ƙaya a bakin mashigai tana tsinko gashin masu wucewa, aka gwada shi, sakamakon da aka fitar a 2014 ya tabbatar da cewa wasu daga cikin masu tsallakawar sun haifi 'ya'ya, jini yana gudana tsakanin ɓangarorin titin biyu. Duk shirin burtali ya ware kuɗin irin wannan gwajin tun a kasafin farko.