Yadda ɗalibi zai yi wa sana'arsa rajista kafin ya gama jami'a

Idan kina ɗinki a hostel, ko kana gyaran waya tsakanin lacca da lacca, yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista a Najeriya, tun kafin bautar ƙasa.

Da farko, zaɓa wa sana'ar suna biyu. Na farkon sau da yawa wani ya riga ka, musamman irin su "Alheri" da "Nasara" da kowa ke rububi.

Sai ka buɗe asusu a shafin CAC na intanet da lambar NIN ɗinka, ka nemi a ajiye maka sunan. In an amince, kwana 60 gare ka ka kammala.

Daga nan cike fom: adireshin wurin sana'a, irin aikin da kake yi, hoton fasfo da sa hannu. Duba rubutun sunanka da kyau, ya yi daidai da na NIN harafi da harafi. A nan akan samu tangarɗa.

Biya kuɗin ta shafin da kanka. Rajistar sunan kasuwanci ta wadatar a yanzu, kamfani sai harka ta girma.

Takardar shaidar rajista na fitowa, kai ta banki ka buɗe asusu da sunan sana'ar, ka raba kuɗinta da na aljihunka.