Darasi na 7: Zaɓen Launin Fentin Ɗaki

Wani maigida ya gama ginin ɗakinsa, ya kira mai fenti. Ya ce, "Malam, fari nake so ko'ina." Mai fenti ya dubi yara uku da ke wasa a tsakar gida, ya ce, "Alhaji, fari kam zai haska ɗakin, amma kafin sati biyu za ka ƙirga yatsun yaran nan a jikin bango."

Mai fenti ya yi gaskiya. Fari da ruwan madara suna dawo da haske, shi ya sa ɗaki mai ƙaramar taga yake zama kamar ya ƙara faɗi. Ko an ɗauke wuta, fitilar caji ɗaya ta isa. Aibinsu dai ba sa rufa asiri: ƙurar hunturu, maiƙon hannu, shatin kan mai jingina, duk a fili.

Launi mai duhu, irin ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, yana ɓoye datti, sai dai yana shanye haske. Ka shafe ƙaramin ɗaki da shi, da rana tsaka ka ga kamar magariba ta yi.

To, sai a haɗa biyun. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1, a sa mai duhu, kuma fentin mai, domin ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Daga nan zuwa silin, a sa mai haske na fentin ruwa, wanda ya fi araha. Ruwan madara da ruwan ƙasa suna shiri sosai. Ja da kore kuwa, a ganina, sai a bar wa shagon kasuwa, don suna gajiyar da ido a ɗakin kwana.

Kada ka yanke shawara da abin da ka gani a bokiti, launi yakan canza idan ya bushe. Kafin ka sayi bokiti mai lita 20, nemi ɗan kaɗan, ka shafa launuka biyun kusa da juna a bango. Duba su da safe, ka sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki. A kira uwargida ta kawo labulenta a kara a gani.

Aiki: Rubuta launuka biyu da za ka haɗa a ɗakinka. Wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa?