Darasi na Bakwai: Da Me Za Mu Shimfiɗe Tsakar Gida?

A gidajenmu na Zangon Kumasi, ko Aboabo ne ko Asawase ko Sawaba, tsakar gida ita ce rabin gidan. Nan ake wanki, nan ake hura kurfoti, nan ake daka fufu. Nan tsofaffi ke alwala tun duhun asuba, nan kuma ake jera kujeru ranar suna. Saboda haka wanda zai gyara ta ya fara tambayar kansa: wa zai taka wurin, kuma ina ruwa zai bi?

Iyayenmu a arewa daɓe suke yi. Mata su taru da madaɓi, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a buga har ƙasa ta yi sulɓi. Daɓe yana da sanyin ƙafa, amma ba ya jure ruwan Kumasi. Nan damina biyu ce: ta fari daga Maris zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa wajen Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kusan milimita 1,400.

Kafin ku sayi ko buhu ɗaya na siminti, ku jira a yi ruwa mai ƙarfi, ku fito ku duba. Ina ruwan ya kwanta? Ta ina yake neman fita? Wannan shi ne aikin farko, kuma ba ya cin ko sidi ɗaya. Dole tsakar gida ta gangara daga ƙofofin ɗakuna zuwa rariya. A kowace mita ɗaya, ƙasa ta sauka da santimita 2. Ido ba ya ganin wannan gangara sosai, amma ruwa yana binta. In babu ita, komai tsadar abin da aka shimfiɗa, ruwa zai kwanta, gansakuka ta fito, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Kankare shi ne abin da na fi ba mutane shawara, musamman a gidan haya mai jama'a. Yana ɗaukar turmi, yana ɗaukar wuta, yana da sauƙin shara. Amma a nan ne ake yawan cutar mai gida, don haka ku riƙe wannan awo da kyau. Buhun siminti, na Ghacem ne ko Dangote ko Diamond, kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu. Ga buhu ɗaya, a zuba yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Magina suna kiran wannan haɗi ɗaya, biyu, huɗu. Kaurin kankaren ya kai inci 4, wato santimita 10, a kan jar ƙasa da aka daddale sosai. Idan magini ya ce zai ƙara yashi don siminti ya yi auki, ku ce masa: "Malam, a bar shi a kan awo." Ba rashin kunya ba ne. Kuɗinku ne.

Ku duba yashin ma. Ku damƙi jiƙaƙƙensa a hannu, ku buɗe. In ya dunƙule ya bar laka a tafinku, akwai yumɓu a ciki, kuma kankaren zai yi rauni. Bayan an zuba, a riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a rufe shi da tsofaffin buhuna. Da hunturu a ƙara kula, domin iska tana busar da shi da wuri ya tsattsage. Sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku. Kada a goge saman kankaren ya yi santsi. Tun yana ɗanye, a ja tsintsiya mai tauri a kansa ya yi kaushi. Haka kuma kada a sa tayil mai ƙyalli na cikin ɗaki a waje. Mun taɓa yin wannan kuskure a gidanmu, saboda kyan ido. Wata asuba mahaifiyata ta fito da butarta, ta taka wurin da ruwa ya jiƙa, ta faɗi. Ta yi wata biyu ba ta iya sujada sai a zaune. Har yau abin yana damuna. In lalle tayil kuke so, ku ce wa mai shago na waje kuke nema, mai kaushi. Ku zuba masa ruwa a nan shagon, ku shafa da tafin hannu ku ji. Ku ware wa turmi kusurwarsa ta kankare zalla, don taɓarya tana fasa tayil.

Bulon shimfiɗa, wanda ake kira intalok, yana da kyau inda bututun famfo ya bi ta ƙarƙashi, domin ana iya cire shi a gyara a mayar. Sai dai yana son kankare a gefe ya riƙe shi, ciyawa kuma takan fito a tsakaninsa.

Saura katako, ga mai son rumfa ko dandamalin zama. In kun je kasuwar katako ta Sokoban, za a nuna muku iri-iri. Mafi araha shi ne wawa. Sunan itacen ke nan a harshen Asantawa. Fari ne, ba nauyi, ya dace da allon zuba kankare, amma gara da ruwa suna cinye shi da wuri. Odum da kusia da denya su ne masu jure waje, sun kuma fi tsada. Ko wanne kuka saya, ya zama busasshe, a shafa masa maganin gara, kuma kada ƙafar ginshiƙi ta taɓa ƙasa. Kafinta ya ɗora ta a kan dungun kankare, ya bar 'yar tazara tsakanin alluna don ruwa ya zube.

Aikin gida

Tsakar gida mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, a kaurin inci 4, tana cin siminti kusan buhu 13. Yashi kwano nawa za a saya? Tsakuwa kwano nawa? Ku rubuta amsa a littafinku. Sannan ku auna taku tsakar gidan da igiya, ku zana ta a takarda, ku sa alama inda ruwa ke kwanciya, ku zo da ita aji mako mai zuwa.