Idan Jirgi Ya Tsaya a Tsakiyar Ruwa: Yadda Ake Sauka Gaɓa da Ƙaramin Jirgi

Mutanenmu na Abuja da Jos masu sayen tikitin yawon shaƙatawa a teku, ko daga Durban za su tashi ko Barcelona ko Miami, sukan tsaya kan kuɗin ɗaki da abinci da biza, su tsallake wata 'yar alama a jadawalin tafiya. Hoton anga ne, wato ƙarfen da jirgi ke jefawa cikin ruwa don ya tsaya, ɗan mitsitsi kusa da sunan gari, wani kamfanin kuma ya rubuta cewa da tenda za a sauka. Abin nufi, babban jirgin ba zai jingina da tasha ba. Can cikin ruwa zai tsaya, a riƙa kwasar fasinjoji da ƙananan jirage ana kai su gaɓa ana komo da su. Yawanci ba a biyan ko sisi don wannan jigila, tana cikin kuɗin tikiti. Abin da take ci shi ne lokaci da lafiyar ƙafa.

Dalilin a fili yake. Manyan jiragen nan tsawonsu kan kai mita 300, cikinsu kuma ya nutse kimanin mita 8 zuwa 9 a ruwa. Garin da tasharsa ba ta da wannan zurfi, ko wani jirgin ya riga ya kama wurin, dole a tsaya nesa. George Town a tsibirin Grand Cayman haka ake yi, haka Belize City inda duwatsun murjani ke hana jirgi matsowa, haka Cannes da Villefranche a Faransa, da Portofino a Italiya. Santorini ta ƙasar Girka kuwa matsalarta akasin haka ce: ramin tsohon dutse mai aman wuta ne teku ta cike, zurfinsa ya sa galibin jirage ba sa jefa anga, da injin suke riƙe kansu a wuri ɗaya. Masu tashi daga Durban zuwa Portuguese Island ta Mozambik su sani cewa can babu tasha irin ta birni, bakin rairayi ake kai mutum, kuma ƙafa na iya jiƙewa.

Ƙananan jiragen iri biyu ne. Akwai na babban jirgin kansa, wato wasu daga cikin jiragen ceton nan masu launin lemo da ke rataye a gefensa, a sauke su da ƙugiya da sassafe. Akwai kuma na mutanen gari, kamar a Santorini da Grand Cayman. Na jirgi kan ɗauki mutum 100 zuwa 150 a sawu ɗaya, na gari wasu sun fi haka girma.

Yi lissafi da kanka. A ce fasinja 3,000 ne ke son sauka, kowane sawu mutum 120. Sawu 25 ke nan. Ko da duk minti 6 ɗaya na tashi, na ƙarshe sai ya jira sa'a biyu da rabi. Saboda haka idan jadawali ya ce jirgi zai iso ƙarfe 8 na safe, kada ka yi alkawari da mai mota a gaɓa ƙarfe 8 da rabi. Kafin kowa ya motsa sai hukumomin gari sun ba jirgi izini, an sauke ƙananan jiragen, an buɗe dandamalin shiga, an kai ma'aikata gaɓa sun kafa rumfarsu.

Da daren jajibiri za a kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko ka gan ta a manhajar jirgin. A ciki ake faɗin inda za a raba lambar sauka da ƙarfe nawa. Wasu kamfanoni kati suke bayarwa mai lamba ko harafi a wani zaure, wasu a manhaja ake kama gurbi. Galibi mutum ɗaya na iya karɓa wa iyalinsa, amma ana so kowa ya riga ya shirya. Kada Alhaji ya karɓo lamba 3 alhali yara ba su yi wanka ba. Idan an kira lambarku a lasifika ba ku fito ba, sai dai ku bi sahun baya. Waɗanda suka sayi yawon gari daga hannun kamfanin jirgin ba sa bin wannan layi, ana tara su a zaure a fita da su rukuni-rukuni, kuma su ake fara kaiwa, sai masu manyan ɗakuna da tsofaffin abokan ciniki. In ba ka da wani shiri na safe, a ganinmu ka zauna ka karya kumallo a natse. Can da hantsi za a sanar cewa an daina amfani da lamba, kowa ya sauko, sai ka tarar babu cunkoso.

Kuma kada ka je ka tsaya a matakala kafin a kira ka. Hanyar ka toshe, ba za a shigar da kai ba.

Taku ɗaya da ya fi komai

Wanda ya taɓa shiga kwalekwalen tafkin Jabi ko na Rayfield kada ya ɗauka ya san abin. Can ruwa a kwance yake. A teku babban jirgi na tsaye kamar bene, ƙaramin kuma yana hawa yana sauka a gefensa, wani lokaci rabin mita ko fiye, yana matsowa yana ja da baya. Tsakanin dandamali da bakin ƙaramin jirgin akwai rata, kuma ratar ba ta tsayawa a girma ɗaya. Nan ne mutane ke gurɗewa, nan ne yatsu ke matsewa.

Za ka sauko zuwa bene na ƙasa kusa da ruwa, a ɗora katin ɗakinka a na'ura don a san ka fita, sannan ka bi wata matakala, sau da yawa a jiƙe, zuwa dandamali. Matuƙa biyu ne ke jiranka, ɗaya a kan dandamali ɗaya cikin ƙaramin jirgi. Hannuwanka biyu su zama babu komai. Jaka a goye ko a rataye, waya a aljihu mai zik; in kana da kaya a hannu miƙa musu, za su wuce da shi gaba. Ba tafin hannu suke kamawa ba, damtse ko tsintsiyar hannu suke riƙewa, kai ma ka riƙe nasu haka, domin tafi mai gumi na sulɓewa. Daga nan sai jira. Idonsu na kan igiyar ruwa, suna jiran lokacin da ƙaramin jirgin zai taso daidai da dandamali. Da zarar sun ce taka, ka taka gaba ɗaya, taku ɗaya mai faɗi. Mafi munin abu shi ne ka ɗora ƙafa ɗaya can ka bar ɗaya nan kana shawara. Kada ka yi tsalle, kada ka dafa gefen jirgin ta waje inda yake gogar dandamali, kuma ka sunkuyar da kai, ƙofar gajeriya ce.

Tufafinmu suna da ruwa da tsaki a nan. Babbar riga ta zauna a ɗaki ranar, kaftani mai tsagu da wando ya isa. Hula kuma iska na ɗauke ta, a sa ta a jaka sai an sauka. Mata su lura da doguwar abaya da zanen da ya matse ƙafa: in taku ba zai buɗe ba, a sa wando a ciki a tattare rigar zuwa ƙwauri kafin a iso bakin ƙofa. Dogon hijabi a naɗe shi kada ya maƙale a ƙarfe. Silifas da takalmi mai tsini a bar su, a sa mai igiya ko kambas mai ƙasan roba. Matar da ba ta son namiji ya riƙe ta, mijinta ko ɗanta ya fara shiga ya tsaya kusa ya karɓe ta, amma a faɗa wa ma'aikata tun a layi, kuma in ruwa ya motsa aka kai mata hannu kada ta fizge. Ƙaramin yaro a miƙa shi ga matuƙi, ya miƙa wa babban da ya riga ya shiga. Kada uwa ta tsallaka da shi a kafaɗa.

Masu tafiya da iyaye tsofaffi su yi wannan magana tun a gida, kafin a biya kuɗi. Kamfanonin P&O Cruises da Cunard sukan gwada fasinja ko zai iya tsallake ratar santimita 45 ba tare da taimako ba. Gwaji ne mai sauƙi a tsakar gida: a ja layi biyu da alli, a auna da tef ɗin tela, a ce, "Hajiya, ku tsallaka mu gani." In abin ya yi mata wuya a kan siminti, kan ruwa ya fi. Mai keken guragu ya tambayi kamfani a rubuce, domin da yawa suna sharɗanta mutum ya iya 'yan takawa da kansa, keken kuma ya zama mai naɗewa, kuma kyaftin na iya hanawa ranar in ruwa bai kwanta ba.

Tafiyar kanta gajeriya ce, minti 10 zuwa 20 a yawancin wurare. Sai dai ciki akwai zafi da warin man gas, kuma tangaɗin ya fi na babban jirgi nesa ba kusa ba. Mai saurin tashin zuciya ya zauna kusa da ƙofa ko a sama in an buɗe, ya kafa ido kan gaɓa, ya bar duba waya. Maganin jiri ana shan sa tun kafin a shiga, ba bayan amai ya taso ba, kuma wasu na sa barci. A tambayi likita ko mai kemis tun a gida. Citta ma na taimaka wa wasu. A zauna har sai an ɗaure igiya an ce a tashi.

Abin da za a riƙe: katin ɗaki, fasfo ko hotonsa gwargwadon abin da jirgi ya ce, maganin da ake sha kullum, ruwa, 'yan kuɗin ƙasar, da hoton takardar shirin ranar, domin a jikinta lambar wayar wakilin jirgi na wannan gari take. Kilishi da dambun nama da 'ya'yan itace su zauna a ɗaki, ƙasashe da yawa sun hana saukowa da su. Mai sallah ya fito da alwalarsa, samun wurin yi a ƙaramar tasha ba tabbas ba ne.

Komowa

Da ka sauka, kafin ka ɗaga kai ka kalli gari, karanta allon da ke rumfar ma'aikata. Lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe ne a rubuce, kuma shi ne naka, ba lokacin tashin babban jirgi ba. Yakan riga shi da rabin sa'a zuwa sa'a guda. Ɗauki hotonsa, ka kuma lura da wace mashiga aka sauke ka, don wata rana jirage uku ko huɗu ne ke jigila a wuri guda, kowanne da layinsa.

Sai batun agogo, wanda ya fi komai jefa mutane cikin wahala. Da agogon jirgi ake aiki, kuma ba kullum yake daidai da na gari ba. Grand Cayman ba ta sauya agogo da bazara, Miami kuwa tana sauyawa, don haka akan sami sa'a guda tsakani. Waya da kanta take komawa lokacin gari da ta kama sabis. Ga kuma al'adarmu ta barin agogon hannu a lokacin Najeriya don kiran gida, alhali Girka da bazara tana gabanmu da sa'a 2, Italiya da sa'a 1. Kafin ka fita, saita agogon hannu da na jirgi, ka bi shi shi kaɗai.

Santorini ta cancanci a yi mata lissafi na daban. Tsohuwar tashar tana gindin dutse, garin Fira yana can sama. Hanya uku ce: motar igiya, wadda ke tafiya a rataye a sama, mai ɗaukar mutum 36 a sawu, ko matakala kusan 600, ko jakuna da alfadarai da ke bin wannan matakalar. Da yamma kowa na son saukowa a lokaci ɗaya, layin motar igiya na iya cin sa'a guda ko fiye, matakalar kuma santsi gare ta saboda kashin dabbobi. Ka fara neman hanyar sauka sa'a biyu kafin jirgin ƙarshe. A sauran wurare, ka kasance a layi da saura sa'a ɗaya. In kana cikin layi a rumfar ma'aikata lokacin ya cika, za a kwashe ku duka. Wanda ke cikin kasuwa ne ba a sani ba.

Jirgi na jiran motar yawon da shi ya sayar, ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Wanda aka bari ya nemi wakilin jirgi nan take, galibi a hannunsa ake barin fasfon da aka ɗauko daga ɗaki. Kuɗin otal da na cim ma jirgi a gari na gaba daga aljihunka ne. Ga mai fasfon Najeriya abin ya fi tsanani, domin in gari na gaba a wata ƙasa yake, misali daga Girka zuwa Turkiyya, shiga ta jirgin sama na iya buƙatar bizar da ba ka da ita.

Wata rana kuma za ka tashi ka ga rana tas, ga gari ana hango shi, kyaftin ya ce ba za a sauka ba. Ba iskar wurin kaɗai yake dubawa ba, akwai doguwar igiyar ruwa da ke tasowa daga nesa tana ɗaga ƙaramin jirgi fiye da yadda mutum zai iya takawa. Yakan juya babban jirgin ya tare ta, in bai yiwu ba ya soke. Yana kuma duba hasashen yamma, don kai mutum 3,000 gaɓa a kasa komo da su ya fi hana su sauka muni. Kuɗin yawon da aka saya a jirgi ana mayarwa. Wanda aka biya wani na waje ta intanet kuwa ya danganta da sharaɗinsa, don haka a garin da ke da alamar anga, a nemi wanda ya rubuta cewa zai mayar da kuɗi in jirgi bai sauke mutane ba, ko wanda ake biya sai an haɗu.